Corolla ba ta shekara a hannuna ba, ana so a karya min miliyan 5: ta ina zan rage asara?

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar mota. Ina da Corolla 2020 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, miliyan 25 na saye ta, ko shekara ba ta yi a hannuna ba. Ba ta taɓa bugu ba tun da ta zo wurina, inji da giya lafiya lau, esi na sanyi, takardun kwastan cikakku. Abin da ya faru, Hajiyarmu ta dawo gidana da zama tare da 'ya'yan marigayi yayana, ga kuma nawa yaran. Yanzu duk fitar da za a yi sai an yi sawu biyu ko a tari ɗan sahu. Sienna nake so in koma. Na zaga wurin masu sayar da motoci a titin Maiduguri da titin Zariya, wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a 20, wai tunda an sa mata lamba ta zama ta hannu. Wani kuma ya ce in kawo ta ya ba ni Sienna 2015 in cika miliyan 4. Musanya zan yi ko in sayar da kaina?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Mai gareji ba hawa zai yi ba, sayarwa zai yi, dole ya taya da arha don ya bar wa kansa wuri. Nemi wanda zai hau da kansa. Wanke ta, ka ɗauki hotuna da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ka sa a sitatus ɗinka na WhatsApp, ka tura zauren abokan aiki da na 'yan ajinku. Corolla ba ta kwantai a Kano.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri da riƙon Hajiya da marayu, ya jiƙan yayanka. Ni tambayata, dole ne sai an sayar? Huɗun da za ka cika ɗin, da ka ɗan ƙara wani abu a kai ka nemi tsohuwar Sharon ko Sienna ta hannu don fitar iyali, Corolla ta zauna ta zuwa aiki.

Abban Walida:
Amin Hajiya, na gode. Na yi wannan tunanin, amma gidan haya nake a Gyaɗi-Gyaɗi, mota ɗaya ce ke shiga. Kuma mota biyu na nufin gyara biyu, takardu biyu, inshora biyu. Albashin ba zai ɗauka ba.

Alhajin Fagge:
Abban Walida, ka daina kallon 25 ɗin nan. Ta wuce. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, kuma ba ruwanta. Abu ɗaya ne naka a wannan ciniki: nawa zai fita daga aljihunka kafin mukullin Sienna ya shigo hannunka. Ciko shi ne lissafin, ba kuɗin Corolla ba.

In ana musanya, mai gareji farashi biyu yake riƙe da su, na taka da na tasa, kai kuma ɗaya kake kallo. Zai iya ce maka ya ɗauki taka a 22, ranka ya yi fari, alhali ya ɗaga tasa zuwa 26. Ko ya ce tasa 23 ce kawai, ya sauke taka zuwa 19. Duk inda aka juya cikon huɗu ne. Don haka raba cinikin gida biyu. Tura wani wanda ba su san shi da kai ba, ya je ba da mota ba, ya tambayi Sienna ɗin a matsayin mai kuɗi a hannu. Abin da aka tsaya masa shi ne kuɗinta na gaskiya. Ka cire huɗu daga ciki, ka ga ainihin yadda suka ɗauki taka.

Na biyu, ina fata ba ka ba su labarin Hajiya da yara ba. Da zarar sun ji matsuwa a muryarka, tayin ya sauka.

Mai Gareji Na Hotoro:
Ranka ya daɗe Alhaji, ban musa ba, amma a ji ta bakinmu mu ma. Tayin 20 ba zalunci ba ne. Mutum ya shigo gareji da miliyan 24 ko 25, ga wadda ta sauka daga Legas jiya ba lamba, ga wadda ta zaga Kano da lamba a jikinta, wacce zai ɗauka? Dole mai lamba ta sauko kafin a kalle ta. Sannan in na saya kuɗina ya kwanta. Ga hayar fili, ga mai gadi, ga yaran wanki kullum saboda ƙura, ga la'adar yaron da zai kawo mai saye. Wata motar sati take yi, wata sai ta yi wata huɗu tana cin rana. Abin da muke ba mai mota shi ne kuɗinsa yau-yau. In ba ka sauri, ajiye ta a wurinmu, ka yanke farashinka, a sayar maka mu ɗauki la'ada.

Ɗan Kwari:
Ajiyewar nan ce ba na so. Na taɓa ajiye Honda a wani gareji, ba zan kama suna ba. Na ce 9 nake so. Ran nan ina tsaye a Ƙofar Nasarawa sai ga motata ta wuce da samari a ciki an ƙure kiɗa. Da aka sayar aka kawo min 9 aka cire la'ada. Bayan wani lokaci na haɗu da wanda ya saya a wurin ɗaurin aure, da bakinsa ya ce min 10 da dubu 200 ya biya. Ke nan an ci la'ada, an ci na sama, an sha man da na bari a tanki.

Mai Gareji Na Hotoro:
Kowace sana'a da bara-gurbinta, Allah ya shirye mu. Maganinsa sauƙi ne da shi. Ranar da za ka ajiye, ɗauki hoton mita da allurar mai a gabansu. A rubuta farashi da la'ada a takarda, kowa ya sa hannu. Ka kafa sharaɗi cewa ba za a sallama ba sai kai da mai saye kun ga juna, kuɗi kuma asusunka zai shiga kai tsaye. Duk garejin da ya ƙi wannan, ɗauki motarka.

Injiniyan Kwakwaci:
Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana, don a nan mutane ke zubar da kuɗi suna ganin gyara suke yi.

Kar ka yi mata fenti. Ko da ƙarce a bamba ko a ƙofa, bar shi yadda yake. Mai saye a garin nan da ya ga sabon fenti zai fara ƙwanƙwasa jiki da yatsa yana neman inda aka shafa fila, ya buɗe bonet ya duba kan notin fenda ko sufana ta taɓa hawa, ya ɗaga robar ƙofa ya ga ko launin ciki da na waje ɗaya ne. Daga nan duk rantsuwar da za ka yi cewa ba ta bugu ba, ba zai yarda ba. Fentin kamfani da ɗan ƙarce ya fi sabon fenti tsada.

Abin da za ka kashe wa kuɗi kaɗan ne: wankin kujeru da kafet, juye da sabuwar filta, ƙwan fitila in akwai wanda ya mutu. Kar a wanke inji da ruwan matsi, yana jiƙa soket, kuma mai saye zai zaci yoyon mai ake ɓoyewa. In wata fitila ta kama a dashbod, a gyara abin da ya kawo ta, ba a goge da kwamfuta ba, don bakaniken mai saye zai zo da tasa na'urar ya gani.

Ka kula da indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke jikin salansa. Kar motar ta kwana inda ba ka yarda da shi ba, ana kwance shi a fasa a kwashe na ciki a mayar da kwanon. Yanzu mai saye har ƙasa yake kwanciya ya duba ko akwai sabon walda a salansa. Sannan nemo mukulli na biyu da duk rasit na juye da ka taɓa yi. Taya ma a duba, akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3522, sati na 35 ne na 2022. In sun tsufa ka san za a rage maka da su, ka shirya amsarka.

Yaron Zoo Road:
Ni dai a ganina abin bai kai haka wahala ba. Cire lambar, a kankare sitikar gilas, a ɗan rage mita, a sa ta a layin 'yan Beljiyam. Kowa haka yake yi, 24 za ta tafi.

Malam Na Gwale:
Subhanallah. Ɗana, wannan algus ne tsantsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ya kuma ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar. Bawan Allah nan mahaifiyarsa da marayu zai ɗauka a motar, ka ce ya cika kuɗinta da ha'inci?

Musanyar mota da mota tare da ciko kuwa ba laifi a cikinta, ba irin zinare da zinare ba ce. Sai dai ina da ɗan gyara a maganar Alhaji. Wanda za a tura ya tambayi farashin ƙarshe ya tsaya nan. Kar ya yi ta tayi har a ce an sallama sannan ya juya baya, wannan ba mutunci ba ne.

Alhajin Fagge:
Haka ne Malam, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya kawai.

Lauyan Bompai:
Bayan abin da Malam ya faɗa, dabarar ma ba ta ɓoyuwa. Lambar shasi, mai alamomi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, tana cikin rajistar da aka yi wa motar. Ranar da mai saye ya je neman sabuwar lamba maganar za ta iya fitowa. Kuma motar Amurka ce, da lambar shasin ana ciro tarihinta a intanet, a ga mil nawa ta yi kafin ta bar can. In mita ta nuna ƙasa da haka, ka kama kanka da kanka, daga ciniki an koma ofishin 'yan sanda.

Yaron Zoo Road:
Na ji Malam. Amma a riƙa gaya wa masu gareji su ma, don a wurinsu muka gani.

Akawun Sharaɗa:
A dawo kan tambayar. Akwai asarar da ta fi ta tayi, ita ce ta tsakanin sayarwa da saye. Farashin mota a ƙasar nan dala yake bi, kuma ta hanya biyu: kuɗin sayenta a gwanjon Amurka da na jirgi, sannan dutin kwastan da ake lissafawa da canjin gwamnati. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saye wajen 750 a kasuwar canji ta Wapa ta kusa 1,900 a Fabrairun 2024. Maƙwabcina ya sayar da Camry a tsakanin nan da kuɗin da ya fi wanda ya saya, yana ta murna ya ci riba. Ya ajiye kuɗin a banki yana neman wadda ta kwanta masa a hankali. Kafin ya samu, kuɗin ko irin wadda ya sayar ba za su saya ba. Don haka ni shawarata, ka fara tsayar da Sienna ɗin da kake so, ka san kuɗinta, in da hali ka ba da kafin alƙalami, sannan ka saki taka. Kar kuɗin su kwana da yawa a hannunka.

Mai Gareji Na Hotoro:
Kuma tana juyawa fa. A Afrilun 2024 dala ta faɗo ƙasa da 1,200, mu da muka biya duti da tsada muka rasa inda za mu sa kanmu. Masu saye suka ja baya suna jiran ta ƙara sauka. Wannan kasadar ma tana cikin abin da ya sa muke tayi ƙasa-ƙasa.

Ɗan Dawanau:
Akawu, kafin alƙalamin nan ban yarda da shi ba. In ya bayar aka ce masa sati biyu, Corolla ba ta tafi ba, shi ne zai koma mai sauri, ya sallama a 19 don kar kuɗinsa su maƙale. Sauri ya haifi nawa ke nan. Sienna ba ɗaya ba ce a Kano. Ya san wurare biyu ko uku da ke da ita, ya isa. Kuma lokaci na da tasiri. Mu a nan in kaka ta yi aka fara sayar da riɗi da waken suya, mutanen ƙauye da 'yan kasuwar hatsi suna shigowa neman mota da kuɗi a hannu. Gab da sallah ma ana saye. Amma lokacin biyan kuɗin makaranta da na kujerar Makka masu sayarwa sun fi masu saye yawa.

Direban Abuja:
Ba wanda ya taɓo mai. Corolla ɗinka silinda huɗu ce, Sienna 2015 kuwa silinda shida, lita 3.5. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, wannan bambancin ba na wasa ba ne, musamman a cunkoson Kano da esi a kunne. Ka lissafa abin da za ka ƙara a gidan mai duk wata, ka ninka da sha biyu, ka ɗora a kan cikon. Daga 2021 Sienna duk mai haɗin batir ce, ba ta shan mai sosai, amma kuɗinta wata magana ce daban. Kuma ka tuna daga 2020 za ka koma 2015, ka ja baya da shekara biyar. Ka gwada ƙofofin gefe masu zugewa da kansu sau da yawa, ka kunna esin baya ka zauna a kujerar ƙarshe ka ji ko sanyi na kaiwa. Gyaran waɗannan biyun yana cin kuɗi.

Maman Hanif:
Duk da haka Sienna ta fi wa tsohuwa sauƙin hawa a kan jif, ƙasa take, ƙofar kuma a buɗe take sosai. Surukata mai ciwon gwiwa ce, na san abin da nake faɗa. Ba komai ake aunawa da lita ba.

Abban Walida:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Alhaji da gyaran Malam. Ƙanina ya je ya tambaya kawai, aka ce masa 22 da rabi ce ƙarshe in kuɗi a hannu. Ke nan da na cika huɗu, a 18 da rabi aka ɗauki tawa, ba 20 ba. Sannan ta sitatus yayan wani abokin aikina ya zo ya gani, ya taya 22. Sai dai ya ce 15 zai bayar yanzu, sauran bayan wata biyu in an biya shi kuɗin kwangila.

Hajiyar Tarauni:
A'a ɗana, kar ka soma. Na sayar wa mijin ƙawata mota a kan zai cika bayan sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo. Da na matsa sai aka fara kawo min ƙorafin giya tana fizga, wai a rage. Ƙarshe kuɗin a gutsure suka zo, ba su yi min amfanin komai ba, zumuncin ma ya yi rauni. Mota in ta bar ƙofar gidanka, kai ne mai bi, shi ne mai hawa. Balle kuɗin kwangila, wanda shi kansa bai san ranar fitarsu ba.

Alhajin Fagge:
Hajiya ta gama magana. Ka ce masa 21 da rabi a dunƙule, ko ya jira har kuɗinsa su cika in motar na nan. Ko 21 ka samu a hannu, cikonka ɗaya da rabi ne maimakon huɗu.

Lauyan Bompai:
In an daidaita, ga abin da zan roƙe ka. Kar ka karɓi tsabar kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 ba ta banki ba. Kuma kar ka yarda da saƙon alat ko hoton rasit, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku shiga banki tare. Sai sannan mukulli.

A rubuta yarjejeniya da lambar shasi, lambar inji, farashi, ranar da awa, da shaidu biyu, ka riƙe kwafin katin shaidarsa. Ka tsaya a kan a canja sunan mai mota, kar ya yi ta yawo da lamba da sunanka. In aka yi haɗari ko aka aikata wani abu da ita, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Wurin gwaji kuma kar ka ba baƙo mukulli ya tafi shi kaɗai, kar kuma kai kaɗai ka shiga da mutum biyu. Da rana, a wuri mai jama'a.

Ita ma Sienna a tantance takardar dutinta a ofishin kwastan kafin ka biya. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba su daina shigowa ba, wasu da takardun bogi. In aka tare ka a hanyar Kaduna aka karɓe ta, duk abin da ka tsira da shi a cinikin Corolla ya tafi.

Mai Gareji Na Hotoro:
Yanzu da ka san kuɗinta, koma wurin mai Sienna ɗin ka gaya masa gaskiya: ka san 22 da rabi ce, kana da tayin 22 a waje. Ina tabbatar maka cikon zai sauko, wataƙila zuwa biyu da rabi. Ka ba da mukulli ka karɓi mukulli rana ɗaya, ba kiran waya tsakar dare, ba masu zuwa su taka maka mota su tafi, ba zaman wata guda a ɗan sahu da Hajiya. Wannan hutun ma kuɗi ne.

Ɗan Kwari:
Miliyan guda ce fa tsakanin ɗaya da rabi da biyu da rabi. Kuɗin makarantar yaran nan ne. Ni zan jure kiran waya.

Akawun Sharaɗa:
In ta hannun dillali mai sayen ya zo, a cire la'ada daga miliyan ɗin. Abokin aikin nan da ya haɗa su ma zai sa rai da wani abu. Bambancin bai kai yadda kake gani ba.

Malam Na Gwale:
Shi ya sa ake yanke la'ada tun kafin a fara, a san nawa ce kuma wa zai biya. Yawancin rigimar da ake kawo mana a unguwa a kan mota daga nan take tasowa.

Abban Walida:
Na gaya wa mutumin maganar a dunƙule, ya ce in ba shi zuwa Asabar ya ga abin da zai iya haɗawa, zai zo da bakanikensa. Mai Sienna kuma ban koma ba tukuna. Injiniya, ko za ka samu lokaci ka raka ni mu duba ta?

Injiniyan Kwakwaci:
In sha Allah. Amma da sassafe za mu je, kuma ka ce musu kar a tayar da ita kafin mu iso. Ina so in ji ƙarar injin yana sanyi, in ga hayaƙin farko. Zan zo da na'ura. Za mu ɗaga kafet mu duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da laka, don wasu motocin gwanjon ambaliya ce ta ci su a can. Turo min lambar shasin tun yau ta akwatin sirri.

Ɗan Dawanau:
Abban Walida, in na Asabar bai cika ba ka taɓa ni. Akwai wani abokin cinikina daga Gaya da ke neman Corolla irin wannan. Wane launi ce, kuma mitar mil take ƙirgawa ko kilomita?